Yayen Hanifa

Kaji biyu a ɗaure. Buhun famfas. Fulas ɗin kunun gyaɗa, gwangwanin madara, fo, gidan sauro, ledar lemu. 'Yar tsana mai hannu ɗaya. Warin takalmi uku, babu wanda ya dace da wani. Takarda mai shafi huɗu da maigidan, Dakta Kailani, ya bugo a ofis, an rubuta Jadawalin Yaye a samanta da manyan baƙaƙe. Yara maza biyu a kujerar baya, 'yar mace a cinyar uwarta a gaba. Motar ta baro Hanwa da hantsi ta doshi Tudun Wada, kuma tun kafin a kai gadar Kubanni wuyan Bahijja ya ƙage saboda waiwaye.

"Sadiq, sakar masa kunne."

"Shi ya fara cizona."

"Mubarak, me ya yi maka ka cije shi?"

"Yana kallo ta tagata."

Hanifa, wadda don ita aka yi tafiyar, ba ruwanta da shari'ar. Ta cusa kai cikin hijabin uwarta tana tono kamar mai neman ruwa a rafin da ya ƙafe. Shekararta ɗaya da wata tara, haƙoranta goma sha biyu, kuma ta san aikin kowannensu. Yau za a kai ta gidan kakarta a raba ta da nono. Kwana bakwai aka yanka.

Bahijja ta daɗe tana jiran kwanakin nan yadda wasu ke jiran kujerar Makka. Ba wani dogon buri ta ci ba. Ta shiga wanka ba mai dukan ƙofa. Ta sha shayi tun yana tururi. Ta yi sujada ba a mayar da bayanta abin hawa ba. Mazan biyu za su rage a gida, gaskiya ne, amma su ko ba komai in barci ya kwashe su sai safe. Malamar aji ɗaya ce a wata firamare: yara arba'in da shida da safe, uku da yamma, kuma ukun sun fi arba'in da shidan aiki, don su ba a buga musu ƙararrawar tashi. Shi ya sa ta jira dogon hutu.

Ko fitowar yau sai da ta ci awa uku. Ta yi wa Sadiq wanka, kafin ta gama da Mubarak shi Sadiq ya shiga cikin toka. Ta sa wa Mubarak riga, ya ce ba wannan ba, mai hoton jirgi yake so, mai hoton jirgin kuma tana kan igiya a jiƙe. Hanifa ta sami man shafawa ta shafe bango da shi har iya inda hannunta ya kai. Duk wannan lokacin maigidan yana mota yana danna ham, don shi mutum ne mai girmama lokaci.

"Kin ga irin abin da nake faɗa," in ji Kailani, hannu biyu a sitiyari, ido a titi. "Ɗaga murya ba ya gyara yaro. Bincike ya nuna cewa in uwa ta..."

"Yaya, binciken nan ya taɓa wanke kashi?"

Yaya take ce masa domin ɗan gwaggonta ne, haka take kiransa tun kafin aure. Harkar mulki yake koyarwa a jami'a, a harabar Kongo. Ya yi shekara huɗu a ƙasar sanyi, ya dawo da digiri na uku da tabarau da imanin cewa babu matsalar da ta gagari tsari. Duk mako yakan yi wa wani zauren iyaye na waya nasiha kan tarbiyya, kuma a cikin mota yake ɗaukar muryar, gilasai a rufe, don kada yara su dame shi. Mutane na tura masa addu'a. Wata mata daga Funtuwa har ta rubuto cewa matarsa ta dace.

A Agoro aka tarar da cunkoso, wata a-kori-kura ta mutu a tsakiyar titi da lodin rake. Mubarak ya taɓa kafaɗar uwarsa.

"Umma, fitsari."

"Ban tambaye ka ba kafin mu fito?"

"Lokacin babu."

"To riƙe shi. Ga gidan can."

Aka yi shiru a baya, irin shirun da Bahijja ta fi tsoro a duniya.

"Umma, ya tafi da kansa."

"Kujerata!" in ji masanin tarbiyya, da muryar da ta sa masu turin a-kori-kura suka waiwayo.

Gidan Gwaggo Ishatu yana wani lungu bayan kasuwa, tsohon gini mai zaure, da shagon ɗinki a jikinsa. Ɗakuna biyar, mutum ɗaya. Maigidan ya rasu shekara takwas da suka wuce, 'ya'ya mata sun watse gidajen mazansu. Ta fito tana dafa bango saboda ciwon gwiwa, baki har kunne.

"Ga angwayena sun zo hannu rabbana! Maigida, ina cefane? Kai kuma ƙaramin ango, da jiƙaƙƙen wando ake zuwa zance? Kawo min ƙawata in gani, ita kaɗai ce mai mutunci a cikinku."

Sadiq sunan marigayi mijinta ya ci, don haka Maigida take ce masa, kuma a gidan nan ba mai ikon ɗaga masa yatsa. Yaron bai cika shekara biyar ba amma ya fi ubansa sanin tsarin mulki. Kafin a gama gaisuwa ya kwance kajin, ya buɗe famfo, ya jefa takalminsa cikin randa ya leƙa ya ga ko zai nutse. Bahijja ta ɗaga hannu.

"Kul," in ji Gwaggo. "Malam za ki daka a gidansa?"

Hannun ya sauko ya gyara ɗankwali.

Kailani ya durƙusa ya gaida mahaifiyarsa, ya miƙa mata takardar da hannu biyu. Shi ne ɗanta na fari, ba ta faɗin sunansa. Mutumin Kongo take ce masa, ko a gabansa, tana kallon wani wurin. Ya fara bayani. Ƙarfe bakwai kunu, ƙarfe goma lemu, in yarinya ta yi kuka a ƙirga minti biyar kafin a ɗauke ta, shafi na uku kuma ya tanadi abin da za a yi in kukan ya wuce minti biyar.

Gwaggo ta juya takardar, ta gwada kaurinta da yatsu, ta shiga fifita da ita.

"Allah ya yi albarka, da ma maficina ya yage. A faɗa wa mutumin Kongo yara goma sha ɗaya na yaye a gidan nan, huɗu nawa, bakwai na mutane, ba wanda na ƙirga wa minti."

Ana cikin haka aka yi sallama. Josephine ce, mai shagon ɗinkin, wadda unguwa ke kira Maman Ebuka. A lungun aka haife ta, tare suka yi 'yar gala-gala da Bahijja, Hausarta ba gyara. Ta shigo da leda a hannu da tef ɗin awo a wuya.

"Bahijja manya! Haka kika koma? Kamar an wanke an matse an manta ba a shanya ba."

"Uku gare ni, Jose."

"Ni biyu, kuma wataran ji nake kamar in kai kaina caji ofis in ce a kulle ni in huta."

Ta zazzage ledar a tabarma. Riguna ne na atamfa, ƙanana. Ta riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya.

"Hajiya, ga ɗinkin 'yar gida. Wannan na yanzu. Wannan na Sallah, na bar masa kalmasa mai yawa a saki in ta ƙara tsawo. Wannan kuma sai ta shiga Islamiyya, ga hijabinsa." Ta juyo wurin Bahijja. "Ke dai kin huta. Ni da za a sami mai karɓar min 'yata Ginika, da rawa zan taka har Sabon Gari."

Bahijja ta ɗauki ta ukun ta ware. Rigar za ta yi wa Mubarak, ɗan shekara uku, har da saura.

Josephine ta dubi fuskarta, ta dubi Gwaggo da ke fifita, ta dubi Kailani, wanda a take ya tuna yana da kujerar da zai wanke.

"Au," ta ce. "Na bar dutsen guga a kan kayan mutane." Ta fice ba ta jira ko godiya ba.

Bahijja ba ta buƙatar mai fassara. Ita ma a wannan tsakar gidan aka sauke ta tana 'yar wata ashirin, da ƙullin kaya da kaza, aka ce kwana bakwai. Daga nan aka kai ta firamare, daga nan aka kai ta makarantar kwana, daga nan aka ɗauke ta a mota zuwa ɗakin miji. A danginsu haka ake yi, kowa ɗan wani yake reno. Lokacin da Gwaggo ke goyon Bahijja, nata ɗan yana Jos wurin baffansa, shi ya sa ma da suka girma suka iya kallon juna da aure. Ba wanda ya zalunce ta. Ta ci ta ƙoshi, an yi mata kitso duk Juma'a, da ta yi ƙyanda Gwaggo ba ta bar gefenta ba. Abin da kawai ya rage shi ne wata mata a Kaduna da ta haife ta, wadda take kira Hajiyar Kaduna. Sukan haɗu a biki su gaisa kamar surukai, kowa na tambayar kowa gajiya har maganar ta ƙare.

Ta sami Kailani a ƙofar gida, ya buɗe motar yana goge kujera da tsumma, ya riƙe tsumman da yatsu biyu.

"Yaya, kwana nawa Hanifa za ta yi?"

Ya gyara tabarau. "So na yi in ba ki mamaki."

"Ka ba ni."

"Tsaya ki ji. Ban yi komai da ka ba." Ya zaro waya daga aljihu ya latsa. "Daga Babbar Sallah zuwa jiya, sau goma sha tara kika ce za ki kwashe su ki kai gidan Gwaggo ki huta. Ga ranakun nan, na rubuta. Sau huɗu har da rantsuwa. In mutum ya ga matsala na maimaita kanta, ai sai ya nemo mafita mai ɗorewa."

"Na kuma ce zan kai su kasuwa in sayar in sayi injin wanki. Ka nemo dillali?"

"Wannan ai wasa ne."

"Wa ya ware maka na wasa da na gaske?"

Ya ninke tsumman ya sake warewa. "Inna ce ta nema. Ta ce gida ya yi mata faɗi. To me ɗa zai ce? Na ce ai jikarta ce, tata ce."

"Kai ka ce. Ni kuma da na ɗauki cikin wata tara na ji a bakin tela."

"Tudun Wada ce fa, ba Legas ba. Minti ashirin a mota."

"Kaduna ma awa ɗaya ce."

Ya matse tsumman. Sannan ya koma ga kujerarsa. "To in kina da ja, ga ta can a ciki. Ki faɗa mata da bakinki."

Hankali kwance ya faɗa, don ya san inda ya ajiye ta. Uwa ba ta nuna zalama a kan ɗanta a gaban manya. In babba ya nemi ɗa ba a ce masa a'a. Sai dai a ce Allah ya raya, a koma gida a shiga banɗaki a yi kukan a can. Balle Gwaggo, wadda ta wanke mata kashi ta kuma ba ta ɗanta. Da wane baki za ta ce ba ta yarda da riƙonta ba, alhali ita kanta riƙon Gwaggon ce?

Josephine ta leƙo daga shago ta yafuto ta.

"Wallahi na ɗauka kin sani. Bakin nan nawa wataran zai sa a kore ni daga lungun nan."

"Gara da kika faɗa."

"To ki ce ba ki yarda ba mana. 'Yarki ce."

"Ku a gidanku ana ce wa babba a'a?"

"Mu? Ihu muke yi. A zagi juna har maƙwabta su fito, a yi gaba wata biyu, Kirsimeti ta zo a ci shinkafa a manta. Ku kuwa sai ku yi murmushi, abin ya zauna muku a ƙirji shekara talatin, likita ya ce hawan jini ne." Ta cire allura daga baki. "In kina so in ce ɗinkin bai yi ba, in kwashe kayan in ɓata lokaci."

"Gwaggo za ta riƙe ta ko da zane ɗaya ne."

"Haka ne kuma," in ji Josephine, ta koma kan kekenta.

A ciki Gwaggo na tsintar wake a faifai, Hanifa na zaune gefenta tana mayar da tsakuwar da aka fitar. Bahijja ta zauna a bakin tabarma ta sa hannu. Tunda gaba ba hanya, sai ta ɓullo ta bayan gida.

"Gwaggo, Hanifa fa rigimammiya ce. Ba ta barci."

"Ke kin yi? Wata uku ina zaga tsakar gidan nan da ke a baya."

"Tana cizo."

"Ni me ya rage a jikina da za ta ciza?"

"Ga kuma gwiwarki. Yarinyar nan gudu take kamar an saki ɗan akuya."

"Zama ne ya kashe gwiwar. In ta sami abin bi za ta warke." Gwaggo ta watsar da tsakuwa nesa da hannun jikarta. "Ke 'yar nan, gidan nan in na yi tari ba mai ce min sannu. Rediyo nake yi wa musu. Shekaranjiya na kama kaina ina ba akuya labarin bikin gidan Alhaji Salisu, har ina jiran ta ce wani abu. Ke kuma duk dangi sun ji kin gaji, ko Hajiyarku ta Kaduna sai da ta bugo min. Ga wadda kaya ya yi wa yawa, ga mai hannu wofi. Ina abin shawara a nan?"

Babu. Abin haushin ke nan.

Sai ga Sadiq ya sheƙo da labari, fuskarsa fal farin ciki.

"Umma, Mubarak ya ɓoye wake a hanci, kuma ya ƙi fitowa."

Mubarak na biye da shi, baki buɗe, hancin dama ya kumbura. Bahijja ta zabura, faifan ya kife, kaji suka yo kansa. Kailani ya shigo da gudu, ya tsaya nesa kaɗan ya shiga tambayar wayarsa. "An ce kada a firgita. An ce mataki na farko a tantance ko za a je asibiti ko kuwa..." Mubarak ya ji an ambaci asibiti, ya ɓare baki. Hanifa ta taya shi saboda zumunci. Sadiq na roƙon a bar shi ya gwada da tsinke. Bahijja ta ji muryarta tana cewa wallahi yau sai ta bar musu garin, ta kuma ga Kailani ya ɗago ido kamar mai shirin rubuta na ashirin.

Gwaggo ko tashi ba ta yi ba. Ta jawo yaron ta matse shi tsakanin gwiwoyin da aka ce sun mutu, ta toshe masa hancin hagu da babban yatsa, ta haɗa bakinta da nasa ta hura sau ɗaya. Waken ya fito kamar harsashi ya manne a tabaran Dakta.

"Ango da majina," ta ce, ta share masa hanci da gefen zane. "Je ka. In ka sake, barkono zan bi shi da shi."

Bahijja ta koma ta zauna. Matar nan ta fi ta iyawa, ko makaho ya shafa ya ji. A hannunta Hanifa za ta koyi gaisuwa da durƙuso, ta iya tuƙin tuwo, ba mai daka mata tsawa don an makara. Ita kuma za ta sami barci, ta mayar da jikinta, ta riƙa zuwa ranar Asabar da 'yar tsaraba. Ta hango abin sarai, har da yarinya 'yar shekara goma da za ta fito ta durƙusa ta ce sannu da zuwa Antin Hanwa, ya gajiya, sannan ta koma ciki wurin uwarta. Kuma duk da ta hango, wani sashe na jikinta, daga kafaɗa zuwa ƙugu, cewa yake a karɓi tayin.

Abin da kaji suka rage na waken aka dafa da shinkafa. Sadiq ya ce ba ya cin wake, Mubarak ya ce shi ma, sannan suka yi dambe a kan wanda wakensa ya fi yawa. Bahijja ta ci nata a tsaye, da sanyi, kamar kullum. Kailani ya dawo daga sallar azahar da kwalbar rubutun yaye da Malam Muntaka, limamin lungun, ya ba shi. Gwaggo ta zuba a kunu ta ba Hanifa. Yarinyar ta kurɓa, ta yi nazari, ta fesa rabi a rigar ubanta.

"Ya shiga," in ji Gwaggo. "Ko ɗigo ne ya wadatar. To ke, ba ta na sallama. In ta ƙoshi ta yi barci, ki sulale. Kada ki tsaya waiwaye, waiwaye ke lalata yaye."

Bahijja ta juya baya ta zauna a gindin gwaiba. Hanifa ta kama, ta ɗora ƙafa ɗaya a haɓar uwarta kamar yadda ta saba, hannunta na murza mata kunne. Ta cije ta sau ɗaya don kada a manta da ita. Bahijja ta ɗalle mata cinya, ita kuma ta yi dariya ba ta saki ba. A hankali idon ya lumshe.

"Gwaggo, wai shi yayen nan mene ne sharaɗinsa?"

"Kin haifi uku kina tambaya?"

"Mazan ai ciki ne ya yaye min su."

"Sharaɗi ɗaya ne. Kada ta gan ki, kada ta ji ƙamshinki, har kwana bakwai. Sauran duk kunu ne da haƙuri."

"Ko a ina take?"

Gwaggo ta dube ta irin duban da take yi mata tun tana firamare.

"Ke tun kina ƙarama, in kika yi tambaya da ladabi, to akwai kwanon da kika fasa."

Bahijja ta sunkuyar da kai.

Hadari ya fara haɗowa ta gabas, Kailani ya ce a tashi kafin ruwa ya tare hanya. Tunda hannun Bahijja da mai barci, shi aka bar wa kwasar mazan. Sadiq ya haye gwaibar ya ce ba inda za shi, nan gidansa ne, Gwaggo kuma ta tabbatar masa da hakan. Kailani ya tsaya a ƙasa ya yi masa bayani a natse kan muhimmancin haɗin kai. Ya ba shi zaɓi biyu. Ya ƙirga zuwa uku, ya ƙara masa zuwa biyar. Daga ƙarshe ya kamo ƙafar ya jawo shi ƙasa kamar kowane uba a Zariya. Kafin ya kai shi mota Mubarak ya shige shagon Josephine ya tuɓe wando. Da aka sa wa Mubarak wando, Sadiq ya fita ta ɗaya ƙofar motar. Sai da Josephine ta bar ɗinkinta ta jingina da ƙofa ɗaya aka samu su biyun suka zauna a wuri guda.

Ya dawo tsakar gida yana haki, gumi ya jiƙe masa wuya, hula ta karkace.

"Mu tafi. Yaran nan ba su da tsari sam."

"Riƙe min ita in gyara zane," in ji Bahijja.

Ya karɓa kamar wanda aka miƙa wa tiren ƙwai. Hanifa ta gyara kwanciya a kafaɗarsa ta ci gaba da barci, miyau na bin wuyan rigarsa.

Bahijja ta gyara zanen da gaske, ta ɗaure shi tamau. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta tsallake tabarma, ta wuce randa, ta nufi ɗakin da ke jikin na Gwaggo, wanda ta kwana a ciki shekara ashirin. An share shi, an shimfiɗa sabuwar katifa, ƙarama, ta yaro. Ta auna ta da ido. In ta naɗe ƙafa za ta ishe ta. Ta shiga, ta turo ƙofar, ta danna sakata.

"Bahijja?" in ji Kailani, ƙasa ƙasa don kada ya ta da mai barci. "Mene ne haka? Yara na mota fa."



Muryar Bahijja ta fito ta jikin katakon.

"Gwaggo, ki gafarce ni, yau na yi rashin kunya. Kin ce kada ta gan ni kwana bakwai, to ba za ta gan ni ba. Yaya zai tafi da su duka ukun. A Hanwa za a yaye ta, a Hanwa kuma za ta zauna. Ni ce zan yi miki kwana bakwai."